Gurbin Turmi a Ƙarƙashin Tayar Baya

Ƙarshen damina ne, gero ya shigo gida, dawa kuma tana tsaye a gona ana jiran ta ƙarasa. Shekarar ba ta yunwa ba ce, amma ba wanda ya saki jiki a cikinta. Ruwa ya yi yawa a tsakiya, ya ci gonakin fadama ta wajen Kiyako, ya zubar da katangu, sannan ya ɗauke kamar ya yi fushi. Kowa ka gani yana gyaran wani abu. Ni kuwa abin da ya hana ni sukuni a shekarar ba ruwa ba ne, mota ce.

Motar ta ɗana ce, ɗan farina. Ba na kiran sunansa, ko a baki ko a takarda, haka muka taso. Da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, a Gwaram ya girma a ɗakinta. Ita yake kira Inna. Ni kuma Yaya yake ce mini, don haka ya ji ƙannena suna kirana. In zan ambace shi sai na ce na Gwaram. Shekara ashirin da wani abu muka yi a haka: ya zo da Salla ya durƙusa daga nesa, na amsa ina kallon wani wuri, ya tashi. Ba rashin so ba ne. Kunyar ɗan fari ce, kuma wadda ta karya ta sai ta zama abin magana a gidan biki.

Da ya gama koyon kanikanci sai ya dawo Birnin Kudu, ya kama aiki a wani gareji kusa da tasha, aka ba shi ɗakin zauren gidanmu. Bai cika shekara ba ya jawo wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu daga Kano, da igiya aka jawo ta. Ya ajiye ta a kangon da ke manne da gidanmu, inda muke sussuka da shanya. Wata da watanni yana kanta har ta tashi. Na ɗauka haya zai yi da ita. Sai na ga ya cire kujerun baya ya jingine su a zaure, kaji suka mai da su wurin kwana.

Ƙanwata ce ta faɗa mini gaskiya. Da ita suka tashi a ɗakin Inna, tsakaninsu shekara biyar, ba abin da yake ɓoye mata. Ta ce akwai wani fili a kan hanyar Maruta, can wajen Gwaram, samari suna taruwa ran Asabar da la'asar, su jera tsofaffin tayoyi, kowa ya shiga da motarsa shi kaɗai ya zagaye su, ana duba lokacinsa a waya. Wanda ya fi sauri bai taɓa taya ba shi ya ci. Na tambaye ta me ake ci. Ta yi dariya ta ce ƙura.

Da na kai wa Malam maganar, mahaifinsa ke nan, sai ya ce yaron da bai tashi a hannunka ba, ba rana ɗaya za ka fara yi masa doka ba. Ya ce a yi ta addu'a. Ya ɗauki fartanya ya fita.

Ina ɗinki, na hannu da na keke, kuma shekara uku kafin wannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu. Can na iya karatu da rubutu na boko, na kuma iya lambobin da ke jikin tef ɗin awo, waɗanda a da da farce nake riƙe su. Wata rana da yamma ina zaune ina kalmasa zane, sai ga inuwarsa a bakin ƙofa. Ya gaishe ni, ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce na ara masa tef. Na miƙa masa ban ɗago ba. Bai jima ba ya dawo da shi a hannu.

"Yaya, sai dai ki zo ki auna mini. Dole ina zaune a ciki, in ba haka ba awon ƙarya ne."

Tun da aka haife shi bai taɓa neman wani abu a wurina ba sai ranar. Na yafa mayafi na bi shi.

A kangon ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda malamarmu take yi. Ya ce ya sayo wasu shokozoba na hannu, ƙarafan da jikin mota ke zama a kansu a saman taya, masu zare a jiki. Kowace taya tana da nata, da sifirin a naɗe a kansa, da wani zobe da ake murɗawa. In ka murɗa sama, wannan kusurwar motar ta ɗaga. In ka murɗa ƙasa, ta sauka. Abin da yake so shi ne motar ta kwanta kusa da ƙasa, kuma hagu da dama su yi daidai, yadda nauyi zai rabu a kan tayoyin nan huɗu ba wadda aka zalunta. Masu hali, in ji shi, sikeli huɗu suke sa wa a ƙarƙashin tayoyi. Shi ba shi da sikeli, sai tef ɗina.

Haka muka fara. Zai shiga ya zauna ya kama sitiyari, ni kuma na durƙusa a gindin kowace taya, na dafa bakin tef a ƙasa, na ja shi zuwa leɓen ƙarfen da ke saman tayar. Na karanta, na rubuta a bayan littafina na aji. Gaba hagu, gaba dama, baya hagu, baya dama. Sai ya fito ya duba, ya sa jak ya ɗaga, ya cire taya, ya murɗa zoben da wata sifana mai ƙugiya, ya mayar, ya sauke, ya danna motar da jikinsa ta girgiza ta zauna, ya sake shiga. Na sake durƙusawa.

Uku daga cikinsu ba su ba mu wahala ba. Ta baya hagu ce kullum take fita daban, tana nuna ta fi 'yar'uwarta tsawo da kusan inci guda. Ya yi ta sauke ta, zare bayan zare, har ranar da na karanta masa lambobin biyu suka zo ɗaya. Ya leƙo ta taga yana murmushi, ya ce ashe ajin nan ba zaman hira kuke yi ba. Na ce masa ya kiyaye ni. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kusan sati uku muka yi, duk bayan la'asar. A tsakanin awo yana ba ni labarin Gwaram, yadda Inna take ɓoye masa ƙuli-ƙuli a cikin kwalla, ranar da ya faɗa rijiyar lambu aka fito da shi. Ban taɓa jin labarin rijiyar ba. An ɓoye mini, don an san ba zan iya tambaya ba.

Matan unguwa ba su bar ni ba. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Bakanikiya, a duba mini keken ɗinkina mana." Wata ta ce yanzu kunya ta ƙare a duniya, ga uwa tana durƙusa wa ɗan fari. Na yi dariya tare da su. In na koma ɗaki kuwa sai na zauna ina kallon lambobin nan da na rubuta da hannuna, ina tambayar kaina me nake taya shi yi. Ƙanwata ta taɓa nuna mini hoton wasan a wayarta. Ban iya kallonsa har ƙarshe ba.

Asabar ta farko bayan mun gama, ya dawo fuska ba walwala. Ya ce in ya sha kwanar dama motar tana bin hannunsa kamar ta san hanya, in ya juya hagu kuwa sai bayanta ya kwashe, ta nemi juyawa da shi. Ya rage iskar taya, ya ƙara. Ya canja robobin ƙafafun baya. Ya musanya tayoyin. Ya kira wanda ya sayar masa da shokozoba suka yi ta cacar baki a waya. Muka sake awo sau biyu, lambobin suna nan daidai. Asabar ta biyu ma haka.

Sai aka yi ruwan ƙarshe, wanda ba a zata ba, wata Alhamis da hantsi. Ya tafi gareji da motar ranar. Na shiga kangon da gudu na kwashe kuɓewar da na shanya. Da ruwan ya tsagaita na koma ɗauko tabarma, sai na ga ko'ina ya tsane, sai wuri ɗaya da ruwa ya kwanta, faɗinsa kamar babban faifai. A tsakiyarsa ga sawun taya.

Na san wurin. Gurbin turmina ne. Shekara ashirin turmi yana zaune a nan ana sussuka, ƙasar ta lotsa a hankali, ƙaiƙayi da rairayi suka rufe ta yadda ido ba zai gane ba. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san inda agwagi suke zuwa shan ruwa. Shi bai tashi a gidan ba. Kuma kullum a wuri ɗaya yake tsayar da motar, don inuwar darbejiya, tayar baya ta hagu a cikin gurbin.

Ban san mota ba, amma na san awo. In yarinya ta tsaya ƙafa ɗaya a rami ka auna mata siket, a wurin zai yi daidai, tana taka ƙasa mai kyau sai gefe ɗaya ya rataye. Abin da muka yi ke nan. Ƙafar motar ba ta fi tsawo ba, ƙasa ce ta gudu daga ƙarƙashinta, mu kuma muka gajarta ta. Na tsaya a kan ruwan nan har tabarmar hannuna ta gama ɗiga.

Da yamma ya dawo ya tsayar da ita a inda ya saba. Ruwan ya riga ya shanye. Ya zauna a kan dutsen bakin kango yana goge hannu da tsumma, ya ce ya gaji. Ya ce in Asabar ta sama ta zo ba ta gyaru ba, zai mayar mata da kujerunta ya sayar, ya huta.

Maganar tana bakina. Na haɗiye ta.

Na sha gaya wa kaina cewa kunya ce ta hana ni. Ba ita ba ce. Lissafi na yi: in na yi shiru zai gaji ya rabu da motar, ba tare da na hana shi ba, ba tare da ya ƙullace ni ba. Zan samu ɗana da ransa, kuma zai ci gaba da zuwa bakin ƙofata. Kwana tara na riƙe abin. A cikinsu ya sa na sake auna masa sau ɗaya, na durƙusa a cikin gurbin da gwiwata, ina jin yadda ƙasar ta lotsa, na karanta masa lambar, na rubuta. Ya ce na gode, Yaya. Tuwon dare ranar ban iya cinsa ba.

Asabar ɗin ta zo daidai da sunan 'yar ƙanena a Gwaram. Na tafi tun safe a motar haya. Bayan azahar ƙanwata ta ja ni gefe ta ce mu je mu ga direbanki. Na ce ba za ni ba. Ta ce ai ba wanda zai ce ke kika haife shi, a bayan mutane za mu tsaya. Muka hau babur biyu.

Filin gona ce da aka bari ba a noma ba, ƙasarta ta yi tauri. An jera tayoyi an shafa musu farin fenti. Mutane sun tsaya ta gefe ɗaya a ƙarƙashin wata ɗorawa, da masu rake da masu ruwan leda. Ta ɗaya gefen gonar dawa ce da kunyoyinta. Motoci ba su fi bakwai ba. Da tasa ta fito sai na ji ana kiransa da wani suna da ban taɓa ji ba, sunan da abokai suka sa masa. Ƙanwata ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Ga ɗinkinki nan, bari mu gani ko ya zauna."

Ya tashi da ƙarfi. Kwanar farko ta dama ce, ya wuce ta lafiya, har aka yi tafi. Ya ratsa tsakanin tayoyi. Sai ya nufi ta ƙarshe, doguwar kwanar hagu da ke bakin gonar dawa. Na ga bai rage gudu ba. Daga baya na gane ya yanke wa kansa ne ko dai ta bi ko ta ƙi. Ni kaɗai a filin nan na san abin da zai faru, kuma na ga farkonsa kafin kowa: bayan motar ya zame, ta juya gadan-gadan, ta tafi a kaikaice. Tayoyin dama suka daki kunyar farko. Ta tashi a kan ƙafa biyu, na ga cikinta baƙi, na ga ƙarafan da na yi sati uku ina durƙusawa a gabansu. Ta tsaya haka kamar tana shawara. Sannan ta dawo ta faɗi a kan tayoyinta, karan dawa suka rufe gilashin.

Kowa ya ruga. Ƙanwata ta yar da takalmi ta ruga tana salati. Ni ban motsa ba. Wata mata a gefena ta ce Allah sarki, ko ɗan waye. Na ce mata ban sani ba.

Ya fito da ƙafarsa. Goshinsa ya fashe a jikin ƙofa, wuyan hannunsa na hagu ya kumbura. Da aka ga yana tsaye sai tsokana ta fara. Wani ya ce ashe girbi ka zo. Mai gonar ya iso yana faɗa, aka ba shi haƙuri. Aka kai shi wani ɗakin shan magani aka ɗinke goshin, aka ɗaure hannun, aka ce targaɗe ne. Abokinsa ya tuƙo motar zuwa Birnin Kudu a hankali, ni da ƙanwata muka biyo a motar haya. Ta yi ta magana a hanya, ni ina kallon gonaki.

Bayan magariba na kai masa kunu zaure. Ban saba kai masa da kaina ba. Malam ya riga ya shiga ya gan shi ya fito, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Na ajiye kwanon zan juya, ya ce na tsaya. Ina jiran ya ce ya haƙura.

"Yaya, ba laifin motar ba ne. Mun auna ta, ke shaida ce, komai daidai yake. Hannuna ne bai iya hagu ba. Tsoro nake ji, shi ya sa take kwace mini."

Na ce to ya sayar mana, kamar yadda ya faɗa.

Ya girgiza kai. Ya ce da motar ce da sai ya sayar, amma tunda shi ne, in ya bari yanzu haka zai zauna da abin har tsufa. Da zarar hannun ya saki zai koma, kuma kwanar nan zai yi ta shiga da gudu har sai ya daina jin tsoronta.

Na fito da ƙyar. Abin da na shirya ke nan ya juye. Na so ya tsani motar, sai ya tsani kansa. Kuma zai koma ya jefa kansa cikin kwanar da ba hannun da zai iya ta, da mota mai gajeriyar ƙafa, yana ganin gazawarsa ce. In na faɗa masa, na gyara masa abin da nake roƙon Allah ya raba shi da shi, zai ƙara gudu, kuma zai san na gani na yi shiru har ya kusa kifewa. In ban faɗa ba, na san inda za a je. Na yi sallar isha'i, na daɗe a kan darduma. Ban samu wata hanya ta uku ba.

Da safe bayan an karya, na cika bokiti biyu a randa. Na aika a kira shi kango. Ya zo da ɗaurin hannunsa, yana tsammanin awo za a yi. Na ce a tura motar baya. Malam yana shirin fita gona, ya ajiye fartanya ya sa kafaɗa, bai tambayi dalili ba. Da suka matsar da ita na kwarara ruwan a inda take tsayawa. Ya bazu, ya bi nan ya bi can, sannan ya taru a wuri ɗaya ya kwanta a kan sawun tayar.

Ya daɗe yana kallo. Ya tsuguna ya sa yatsa a tsakiya, ruwan ya shanye gaɓa ɗaya da rabi. Na ga lokacin da ya gane, don kafaɗunsa sun sauka.

"Gurbin turmi ne," na ce. "Ba hannunka ba ne."

Ya fara dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya, yana cewa yaushe na lura. Da na ce jiya, da ya yarda.

"Tun ranar ruwan nan na Alhamis."

Dariyar ta tsaya. Ya ƙirga kwanakin a ransa, na ga yana ƙirgawa. Ya ɗago ya dube ni, ni ma na dube shi, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun yana goye. Bai tambaye ni me ya sa ba. Malam ya ɗauki fartanyarsa ya tsaya a bakin kangon, bai tafi ba.

Na ce akwai daɓen siminti a wurin masu injin casar shinkafa, na sha ganin ruwa a kansa ba ya taruwa ko'ina, kuma ran Lahadi ba sa shanya da wuri. Na ce a can za mu sake awon. Na shiga ɗaki na yage shafin tsofaffin lambobin, na ja layi huɗu a sabon shafi. Na naɗe tef a hannuna, na yafa mayafi, na fito. Yana nan tsugune a bakin ruwan. Na wuce shi na kama hanyar injin a ƙasa, ban waiwaya ba, ina sauraron ko zan ji tashin mota a bayana.